Wanda ya rasu a gida bayan sallama, a lissafin wa yake?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga ma'aikatan lafiya da ke zauren nan, kuma don Allah kada a ɗauke ta da zafi. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu. An yi masa tiyatar hanji, ya kwana tara a gado, aka sallame mu ranar Laraba ana cewa jiki ya yi kyau. Ranar Asabar ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Muna ta shawarar mu koma ko mu jira ranar da aka ba mu, Litinin da asuba rai ya yi halinsa. Jiya na koma asibitin karɓar wata takarda, sai na ga allo a bango, an rubuta yawan tiyatar da suka yi bara da yawan waɗanda suka rasu, adadin ɗan kaɗan gwanin sha'awa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Baba yana cikin wannan lissafin? Abu na ƙarshe da aka rubuta a fayil ɗinsa dai shi ne an sallame shi lafiya. In ba ya ciki, to da me ake gane inda marasa lafiya suka fi tsira, ba a asibiti ɗaya ba, a ƙasa gaba ɗaya?

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Amma 'yata, kwana ne ya ƙare. Kada ki sa wa zuciyarki lissafin da ba zai dawo da shi ba.

Sista Rukayya: Allah ya gafarta masa, Maman Ilham. Ba zan ɓoye miki ba: in allon daga rajistar ɗakin kwanciya aka kwafo shi, Baba ba ya ciki. Rajistarmu gida uku ta sani, an sallama, an tura wani asibitin, ko ya rasu. Da zarar mutum ya fita ƙofa da ƙafarsa ko a keken guragu, a wurinmu ya warke ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin, sau nawa nake jin rasuwar wanda na sallama da hannuna daga bakin ɗan'uwansa da ya zo jinyar wani.

Malam Habu: Allah ya ji ƙan Baba. Ni aikina ɗakin fayil da ƙididdiga ne, kuma tambayar nan ta girmi kakanninmu. Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta Ingila, ta koka da ita tun 1863. Ta rubuta cewa ta san asibitin da ke sallamar wanda ba zai tashi ba, wani asibitin ya karɓe shi, ya rasu bayan kwana ɗaya ko biyu. Na farko ya fita da suna mai kyau, na biyu ya ɗauki gawa a littafinsa. Shi ya sa masu awon nan suka daina tsayawa a bakin ƙofa. A Ingila tun 2011 ma'aunin da suke wallafawa yana haɗa wanda ya rasu a gado da wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan sallama. Da wannan ma'aunin Baba yana ciki. Sai dai sharaɗinsa mai nauyi ne: dole kowace mutuwa a ƙasar ta shiga rajista, kuma kowane mutum yana da lamba ɗaya da za a bi daga fayil ɗin asibiti zuwa takardar mutuwa. Inda ba a rubuta mutuwar gida, babu kwamfutar da za ta ƙirƙiro ta.

Nura ɗalibi: To ai magana ta ƙare, Malam. A ƙirga na kwana 30, a jera asibitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a buga a intanet. Kowa ya san inda zai kai nasa.

Dakta Sadiq: Nura, a jera mu haka kawai? Bari in ba ka hoto. Asibiti na farko yana yin ƙaba da cire ƙari ƙanana, ga matasa masu jini a jika. Da ya ga abu ya rikice sai ya rubuta takardar turawa. Asibiti na biyu shi ke karɓar takardar: dattijo mai ciwon suga da hawan jini, hanjinsa ya fashe tun shekaranjiya, ciki ya cika da ruɓa. A jerinka wa zai zo na ƙarshe? Wanda ya karɓi wahalar kowa. Jihar New York ta fara buga sakamakon tiyatar jijiyoyin zuciya a farkon shekarun 1990, har da sunan kowane likita. Mace-mace sun ragu, wannan gaskiya ne. Amma da aka tambayi likitocin daga baya, fiye da rabinsu sun amsa cewa sun taɓa ƙin taɓa mara lafiyar da ya yi tsanani saboda tsoron jerin. Wanda aka ƙi yi wa aikin, ya rasu a gida, shi ma ba ya cikin allon kowa.

Ga kuma matsalar ƙaramin adadi. In na yi aiki 20 a shekara, mutum ɗaya ya rasu, kashi 5 cikin 100 ke nan. Biyu suka rasu, kashi 10. A takarda na ninka muni, alhali wataƙila mutum ɗaya ne aka kawo min a makare.

Nura ɗalibi: Yallaɓai, da girmamawa, wannan bai yi kama da likitoci na kare junansu ba?

Dakta Sadiq: Ya yi kama, kuma wani lokacin haka ne. Ban ce kar a auna mu ba.

Malam Habu: Abin da Likita ya kawo yana da magani, ko da yake maganin ma da nasa ciwon. Ana ɗaukar fayil ɗin duk ƙasar, a duba shekarun mutum, cutar da ta kawo shi, sauran cututtukan da yake ɗauke da su, da ko gaggawa ce ko shiryayyen aiki. Daga nan a lissafa mutum nawa ake tsammanin za su rasu a asibiti mai irin waɗannan marasa lafiya. A kwatanta da waɗanda suka rasu a zahiri. In ana tsammanin 100 aka samu 130, akwai abin dubawa. In aka samu 80, a je a koyi abin da suke yi.

Ta ina gizo ke saƙar? Ta teburina. Lissafin tsammanin ya dogara ne kan abin da aka rubuta a fayil, da lambar cuta da irina ke maƙala masa. Asibitin da ke da ƙwararrun masu saka lamba, waɗanda ba sa barin ko tari bai shiga ba, marasa lafiyarsa za su fito a takarda sun fi na kowa jigata, sai adadin tsammaninsa ya hau, ya fito fes. An ga haka a Ingila: wasu asibitoci suka yawaita rubuta cewa mara lafiya na cikin kulawar ƙarshen rayuwa, makinsu ya gyaru ba tare da an canza komai a bakin gado ba. Sannan da aka sa likitoci suka karanta fayil 3,400 na waɗanda suka rasu, a binciken da ya fito a 2015, kashi 3.6 cikin 100 ne kawai suka ga da alama ana iya kauce musu, kuma yawansu bai tafi daidai da makin da ma'aunin ya ba asibitocin ba. Ni dai ƙararrawa na ɗauke shi. Ta kaɗa, ka tashi ka duba. Ba alƙali ba ne.

Baba Alhaji: Duk na karanta, 'ya'yana. Ni abin da ke damuna shi ne kalmar nan "ana iya kauce musu". Wa ya isa ya kauce wa ajali?

Anti Ladi ungozoma: Baba, Allah ya ƙara girma. Babu mai ja da ajali. Amma bari in ba ka labarin da nake ba ɗalibaina. A babban asibitin birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, a shekarun 1840, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A ɗaya likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a ɗayan ungozomomi. A na likitocin kusan mace 10 cikin 100 ke rasuwa da zazzaɓin jego, a na ungozomomi kusan 4. Matan garin sun sani, har roƙo suke kada a kai su ɗakin farko. Wani likita, Semmelweis, ya zauna da alƙaluman shekaru ya lura cewa ɗaliban daga ɗakin binciken gawa suke zuwa su duba masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mutuwar ta kai kashi 18 cikin 100, cikin 'yan watanni ta sauko kusan 2. Baba, duk waɗanda suka rasu kwanansu ne ya ƙare, haka ne. Amma ɗalibin da bai wanke hannunsa ba za a tambaye shi. Kuma da ba a ƙirga ɗaki da ɗaki ba, babu ungozoma ko likitan da zai gane da idonsa, domin kowa mace ɗaya yake gani a gabansa.

Baba Alhaji: To, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Na karɓa, Ladi.

Anti Ladi ungozoma: Na gode Baba. (Su likitocin zauren a yi haƙuri, ba ni na rubuta tarihin ba.)

Sista Rukayya: Ni mutuwa ma ba ita ce abin da ya fi ci min rai a wannan lissafin ba. Galibin cutarwar da ke faruwa a asibiti ba ta kisa. Gyambon kwanciya a ƙugun tsohuwar da ba a juya ta ba. Hannun da ya kumbura saboda allurar ƙarin ruwa ta kwana biyar ba a canza ba. Wanda ya faɗo daga gado. Maganin da aka ba wa gado na shida alhali na gado na tara ne.

Wani dare ni kaɗai ce a ɗaki mai gado 24. Wajen ƙarfe uku na zuƙo allura daga wata ƙaramar kwalba, na kai bakin gado, har na goge wurin. Ban san abin da ya sa na sake ɗaga kwalbar a hasken wayata ba. Fotasiyam ne mai kauri, ba ruwan wanke jijiya ba. Kwalaben girmansu ɗaya, rubutunsu kala ɗaya, aljihun tebur ɗaya aka zuba su. Wanda ya san aikin ya san abin da wannan allurar ke yi wa zuciya in ta shiga kai tsaye. Na zauna a kujera ƙafafuna na rawa. Da safe na cika takardar rahoto don a raba kwalaben. Abin da na samu takardar tuhuma ce. Kwalaben kuma suka ci gaba da zama tare. Ku gaya min, wace nas ce a ɗakin za ta sake cika wannan takardar?

To yanzu a tattara rahotannin ƙasa a ce asibiti kaza ya kawo kuskure 400, asibiti kaza ya kawo sifili. Ni in 'yata ce za a kwantar, wurin mai 400 zan kai ta.

Malam Habu: Sista ta taɓo jijiyar. Akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 2011 da nake so kowa ya sani. An ɗauki fayil 795 daga manyan asibitoci uku aka auna su ta hanya uku. Rahoton da ma'aikata suka kai da kansu ya nuna cutarwa 4. Tace lambobin cuta da kwamfuta ya nuna 35. Da aka zaunar da ƙwararru suka bi fayil ɗin shafi-shafi suna neman alamu, suka samu 354. Mutane ɗaya, fayil ɗaya. Alamun kuwa masu sauƙi ne: an ba da maganin karya ƙarfin wani magani, me ya sa? An mayar da mutum ɗakin tiyata cikin kwana biyu, me ya faru? An yi ƙarin jinin da ba a shirya ba, ina jinin ya tafi? Fayil ba ya cewa "mun yi kuskure", amma yana barin sawu.

Da irin wannan karatun fayil aka fara sanin girman abin. Masu bincike na jami'ar Harvard sun karanta fayil sama da 30,000 na jihar New York na shekarar 1984, suka samu kashi 3.7 cikin 100 na waɗanda aka kwantar sun cutu daga jinyar kanta, ba daga ciwon da ya kawo su ba. Daga shi da wani makamancinsa aka fitar da ƙiyasin 1999 na mutum 44,000 zuwa 98,000 a shekara a Amurka.

Nura ɗalibi: Ni 250,000 na gani, wai kuskuren asibiti ne na uku wajen kisa a Amurka.

Malam Habu: Wannan na 2016 ne, kuma masana da dama sun yi masa ca. Ba gawa aka ƙirga ba, ƙananan bincike aka ɗauka aka faɗaɗa su kan ƙasa gaba ɗaya. Ka lura ma da tazarar 44,000 da 98,000, a ƙasar da ke rubuta komai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan mutum 1 cikin 10 na cutuwa a wajen jinya, kuma a asibitocin ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana samun cutarwa miliyan 134 a shekara, da ke da hannu a mutuwar miliyan 2.6. Ƙiyasi ne shi ma. Ka riƙe shi don sanin girman dutsen, kada ka yi rantsuwa a kan lambar ƙarshe.

Dakta Sadiq: Ina so in koma kan Baban Maman Ilham, don tun ɗazu yake raina. Maman Ilham, ban ga fayil ɗinsa ba, ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Amma ɗinki ya yi ruwa bayan aikin hanji abu ne da ke faruwa a hannun kowane likita a duniya. Abin da ke raba asibiti da asibiti shi ne abin da ke biyo baya. A 2009 an kwatanta asibitocin Amurka da suka fi ƙarancin mutuwa bayan tiyata da waɗanda suka fi yawa. Yawan rikicewar aiki kusan ɗaya ne, wajen kashi 25 zuwa 27 cikin 100. Amma cikin waɗanda aikinsu ya rikice sosai, a rukunin farko kusan 12 cikin 100 suka rasu, a na biyu kusan 21. Bambancin ba a wuƙa yake ba. Yana wajen wanda ya lura numfashi ya yi sauri da ƙarfe biyun dare, ya kira, aka amsa.

Binciken tiyata na Afirka da ya fito a 2018 ya nuna haka ƙarara. Mutum sama da 11,000 a asibitoci 247 na ƙasashe 25. Sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, aikinsu bai fi rikicewa ba, amma mutuwarsu bayan shiryayyen aiki ta ninka matsakaicin duniya. Kuma kusan dukansu ba a ranar tiyata suka rasu ba, a kwanakin baya ne, a ɗakin kwanciya. Ɗaki irin na Sista, gado 24 nas ɗaya. In an ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak, wannan zan ɗauka: cikin waɗanda abu ya rikice musu, nawa aka ceto? Ya fi wuyar yi wa kwalliya.

Maman Ilham: Likita, babu wanda ya ce mana in ɗinki ya yi ruwa ko zazzaɓi ya zo mu dawo a ranar. Ranar dawowa kawai aka rubuta a kati, bayan mako biyu. Mu muka ɗauka dole sai ranar.

Sista Rukayya: Innalillahi. Kin ga wannan ma abin aunawa ne, kuma ba ya buƙatar kwamfuta: cikin waɗanda aka sallama, nawa aka gaya wa alamun haɗari da inda za su kira? Ba sai an jira gawa ba kafin a ƙirga. Ana iya ƙirga abin da aka yi: an ba da maganin rigakafin ƙwayoyin cuta kafin a tsaga? An auna zafin jiki da bugun jini a kan lokaci? An wanke hannu?

Nura ɗalibi: Kamar takardar tantancewa ta ɗakin tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato jerin abubuwan da ake dubawa kafin aiki da bayansa. A asibitoci takwas da aka gwada ta, mutuwa ta sauko daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Dakta Sadiq: Haka ne, 2009. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta a asibitoci 101, binciken 2014 bai ga wani canjin a zo a gani ba, alhali asibitocin na cewa kusan kullum suna cika ta. Ana iya cika takarda bayan an gama ɗinki, Nura. Za ka gani da idonka. Duk abin da aka ce shi za a ba maki, hannu zai koyi cika shi.

Malam Habu: Saura ɓangare ɗaya na tambayar Maman Ilham da ba mu taɓa ba, wato "ƙasa gaba ɗaya". Duk abin da muka faɗa lissafin waɗanda suka samu gado ne. A binciken Afirkan nan da Likita ya ambata, asibitocin na yin tiyata wajen 212 ga kowane mutum 100,000 a shekara, alhali abin da masana suka sa a matsayin buƙata 5,000 ne. Ina sauran? Wanda ya juya a ƙofa don babu gado, mai naƙudar da ta cika a hanya, wanda bai taso ba sam. Za ka iya haɗa asibitoci goma kowanne da allo mai kyau, al'ummar da ke kewaye da su na mutuwa da fashewar hanji. Shi ya sa ma'aunin al'umma ke farawa daga mutanen yankin, ba daga gado ba: cikin mutum 100,000, nawa suka mutu da cutar da asibiti ya iya magancewa? Ƙiyasin 2018 na ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ya raba su biyu, miliyan 3.6 a shekara saboda ba su samu kulawa ba, miliyan 5 kuma sun samu amma ba ta da inganci. Na biyun ya fi yawa, kuma ni wannan ya fi tayar min da hankali.

Anti Ladi ungozoma: Mu a fannin haihuwa akwai hanyar da na fi yarda da ita. Ingila ta fara ta tun 1952: duk macen da ta rasu ta dalilin ciki ko haihuwa, a asibiti ko a gida, a bi labarinta daga farko, a goge sunanta da na asibitin da na ma'aikatan, a ba ƙwararru su ce ina aka yi jinkiri. Da yake babu wanda za a kora, mutane na faɗin gaskiya. Sista, da takardarki ta kwalabe irin wannan hannun ta faɗa, da tuni an raba su.

Baba Alhaji: In an goge suna, mai sakaci ya sha ke nan?

Anti Ladi ungozoma: A'a Baba, mai ganganci yana da hukumar da ke hukunta shi, wannan layi daban. In ka haɗa layin koyo da layin hukunci, na koyon ne ke mutuwa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba ƙara nake son kaiwa ba. So nake kawai su sani. In na rubuta musu takarda na ce wanda kuka sallama ranar kaza ya rasu bayan kwana biyar, ga yadda aka yi, akwai inda za ta shiga?

Dakta Sadiq: Ki rubuta, ki sa lambar fayil ɗinsa, ki aika wa shugaban sashen tiyata, ki roƙi a tattauna ta a taronsu na bitar mace-mace. Ni da nawa ne zan so in sani. Wani likita a birnin Bostan na Amurka, Codman, ya riƙa bin kowane wanda ya yi wa aiki har shekara guda da kati ɗaya, ya buga sakamakon mutum 337 da kura-kurai 123 da ya lissafa da hannunsa. Abokan aikinsa ba su gode masa ba, tun a 1914 ma ya riga ya bar babban asibitin da yake aiki. Kati da alƙalami kawai ya yi amfani da su.

Malam Habu: Ki yi kwafi biyu, ɗaya ki kai ɗakin fayil a maƙala a bayan takardar sallamar. Allon bango ba zai canza ba, don rajistar ba ta da gidan da za a saka shi. Amma duk wanda ya zo karanta fayil ɗin nan gaba zai gani.

Sista Rukayya: Malam Habu, in na zana gida na huɗu da biro a gefen rajistarmu, na riƙa kiran waɗanda muka sallama bayan tiyata a kwana na uku da na talatin, za ku karɓa a lissafin wata, ko za ku ce ba ya cikin fom? Mutum shida muka sallama yau, lambobin wayarsu na hannuna. Ka ba ni amsa kafin takwas, ina da aikin dare.